Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyoyin Hausawa mazauna Amurka, a kan Keith Ellison da hanyar da ya bi zuwa majalisa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabanni, malamanmu limamai, da iyayenmu mata masu riƙe da asusun ƙungiyoyi a Bronx, Chicago, Houston, Maryland, Greensboro da sauran garuruwa, muna gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Allah Ya saka da alheri.

Wani hoto ne ya sa muka rubuto muku. Duk sanda zaɓe ya ƙarato sai ya sake yawo a zaurukanmu na WhatsApp: Keith Ellison tsaye, hannunsa a kan Alƙur'ani, shugabar majalisa Nancy Pelosi a gefensa, ranar 4 ga Janairun 2007. Sai a yi kabbara, a ce ga Musulmi na farko a majalisar dokokin Amurka, a wuce. Gaskiya ne shi ne na farko, kuma abin alfahari ne. Damuwarmu ita ce 'ya'yanmu sun haddace hoton amma ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu abin da mutumin ya yi a shekaru goma sha shidan da suka gabaci wannan rana. Muna roƙon ku mai da tarihinsa darasi a tarukan matasa, kuma ga abin da muke ganin ya kamata darasin ya ƙunsa.

A fara da gyara labarin rantsuwar, domin yawancinmu ba daidai muke ba da shi ba. 'Yan Majalisar Wakilai 435 ne, kuma a tare ake rantsar da su a zauren majalisa, kowa ya ɗaga hannun dama, ba littafin kowa a hannu. Sashe na shida na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana a gindaya addini a matsayin sharaɗin riƙe muƙami. Wancan hoton an ɗauke shi ne bayan an gama, a wajen rantsuwar tarihi da kowane ɗan majalisa kan yi da iyalinsa. Da Ellison ya ce zai yi amfani da Alƙur'ani, wani ɗan majalisa daga Virginia, Virgil Goode, ya rubuta wa mutanen mazaɓarsa yana gargaɗin cewa in ba a tsaurara dokar shige da fice ba, Musulmi za su yawaita a majalisa. Ellison bai tsaya cacar baki ba. Ya aika ɗakin karatu na majalisa ya ari kwafin da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mallaka: fassarar Turanci ce ta George Sale, mujalladi biyu, bugun Landan na 1764, tana cikin littattafan da Jefferson ya sayar wa majalisa a 1815. Amsar lauya ke nan. Ya kawo hujja daga cikin tarihin masu sukarsa, kuma Jefferson ɗan Virginia ne kamar Goode.

An haife shi a Detroit ranar 4 ga Agustan 1963, na uku cikin 'ya'ya maza biyar. Mahaifinsa likitan ƙwaƙwalwa ne, mahaifiyarsa ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, gidan mabiya ɗariƙar Katolika. Ya musulunta yana da shekara 19, lokacin yana karatun tattalin arziki a Jami'ar Wayne State. Daga nan ya koma Minneapolis, ya gama karatun lauya a Jami'ar Minnesota a 1990. Ya yi shekara uku a wani babban ofishin lauyoyi, Lindquist & Vennum, sannan ya bar albashi mai tsoka ya koma shugabantar Legal Rights Center, cibiyar da ke kare marasa galihu a shari'o'in laifi. Daga baya ya ci gaba da aikin lauya mai zaman kansa, yana kuma gabatar da shiri a gidan rediyon al'umma na KMOJ.

A nan muke so ku dakata da matasa. Aikin lauyan talaka ba shi da ƙyalƙyali. Safiyar Litinin ce a kotu, an jero waɗanda aka kama a ƙarshen mako, uwa tana zaune a benci da takardar da ba ta gane abin da ke ciki ba, lauya yana da 'yan mintuna ya ji labari, ya nemi a sassauta beli, ya tabbatar yaron bai amsa laifin da zai bi shi har tsufa ba. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ya san unguwa gida-gida, unguwar ma ta san shi. Da Ellison ya tsaya takarar majalisar jihar Minnesota a 2002 daga arewacin Minneapolis, ba baƙo ba ne a ƙofar kowa. Ya yi wa'adi biyu a can, cikin wakilai 134, kafin a fara maganar Washington.

Tunda iyaye da yawa suna tambaya, ga yadda hanyar lauya take a ƙasar nan. Ba a shiga karatun shari'a kai tsaye daga sakandare kamar a gida. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, sannan a zauna jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, LSAT, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, sannan shekara uku a makarantar lauyoyi da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita. Bayan nan akwai jarrabawar samun lasisi, kuma kowace jiha da tata hukumar, ga jarrabawar ɗa'ar aiki, ga binciken hali. A binciken halin ne yaranmu kan yi tuntuɓe. Ana tambayar duk wani kamu da 'yan sanda suka taɓa yi maka, da bashin da ka kasa biya, da horon da makaranta ta taɓa yi maka. Ƙaramin laifi da aka bayyana sau da yawa yakan wuce, amma wanda aka ɓoye aka gano shi ne ke hana lasisi. Wanda ya zo da digirin lauya daga Zariya ko Kano ko Legon, jihar New York tana duba takardunsa, ta ce ko ya zauna jarrabawa kai tsaye ko ya ƙara digiri na biyu na shekara ɗaya. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da suka karanta tsarin shari'a irin na Faransa, wannan ƙarin shekarar wajibi ce a kansu.

Sai maganar bashi. Ɗalibin lauya kan fito da bashin da ya haura dala dubu ɗari, shi ya sa yawanci ke gudun aikin kare talaka. Akwai tsarin gwamnatin tarayya, tun 2007, da ke yafe ragowar bashin bayan biya 120, wato shekara goma, ga wanda ke aiki cikakken lokaci a gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba. Amma rancen gwamnatin tarayya kaɗai ya shafa. Yaron da ya mai da bashinsa hannun banki mai zaman kansa don kuɗin ruwa ya ragu, ya fita daga tsarin ke nan, ba dawowa. A gaya musu tun kafin su sa hannu.

Sharuɗɗan zama ɗan Majalisar Wakilai uku ne kacal: shekara 25, shekara bakwai da zama ɗan ƙasa, da zama a jihar da kake takara. Ba a ce sai wanda aka haifa a nan ba. Ilhan Omar, wadda ta gaji kujerar Ellison a 2019, a Mogadishu aka haife ta. Kuɗin cike takarda a Minnesota dala 300 ne, ko sa hannun mutum dubu. Wahalar tana cikin jam'iyya.

A Maris ɗin 2006 Martin Sabo, wanda ya riƙe mazaɓa ta biyar tun 1979, ya ce ba zai sake tsayawa ba. Mazaɓar ta ƙunshi Minneapolis da wasu garuruwan kewaye, kuma jam'iyyar Democrat ce ke cinye ta kowane zaɓe, don haka wanda ya samu tikiti ya gama. A Minnesota tikitin yana farawa ne daga taron unguwa na jam'iyya, da yamma, a ajin makaranta ko zauren coci, inda mutum ashirin ko talatin kan zaɓi daliget. Daliget ɗin su ne ke zuwa taron mazaɓa, inda sai ɗan takara ya samu kashi 60 cikin ɗari kafin jam'iyya ta ɗaga hannunsa. Ellison ya samu wannan a watan Mayu. Abokan hamayyarsa ba su janye ba, aka tafi zaɓen fidda gwani ranar 12 ga Satumba, ya samu kashi 41, Mike Erlandson, tsohon shugaban ma'aikatan Sabo, ya samu 31, Ember Reichgott Junge ta samu 21. Ku dubi adadin da kyau: kimanin ƙuri'a dubu 29 ne suka ba shi kujerar mazaɓa mai mutum sama da dubu ɗari shida. A babban zaɓe ya samu kashi 56. Mutanenmu da suka samu takardar zama 'yan ƙasa sukan fito ne a zaɓen shugaban ƙasa kawai, alhali a mazaɓu irin na Bronx da Chicago an riga an raba nama tun a zaɓen fidda gwani.

Kuma kada a gaya wa yara cewa ƙuri'ar Musulmi ce ta kai shi. 'Yan Somaliya na Minneapolis sun fito, sun yi aiki, amma ba su isa su ci zaɓe su kaɗai ba. Ƙungiyoyin ƙwadago, masu adawa da yaƙin Iraƙi, baƙaƙen fata na arewacin birnin, da fararen fata masu ra'ayin kawo sauyi, su ne mafi yawan waɗanda suka zaɓe shi. Wannan yana da farashinsa, kuma gara ku faɗa da bakinku kafin matasa su gano da kansu. Ellison yana goyon bayan auren jinsi da 'yancin zubar da ciki a dokar ƙasa, abubuwan da mafi yawanmu ba mu yarda da su ba. Ya yi aikin Hajji a 2008, bai taɓa ɓoye addininsa ba, amma kujerar ta mazaɓa ta biyar ce, ba ta Musulmin Amurka ba. Duk ɗanmu da ke sha'awar wannan hanya ya zauna da malamansa tun da wuri ya san inda zai tsaya, domin za a tambaye shi a gaban kyamara, kuma amsar za ta zauna a intanet.

Yaƙin neman zaɓen 2006 ya kusa rushewa a kan abubuwan da mu ma muke rainawa. 'Yan jarida sun tono cewa an taɓa dakatar da lasisin tuƙinsa saboda tarar ajiye mota da ya bari ta taru, da cewa an ci kwamitin kamfen ɗinsa tara saboda jinkirin miƙa rahoton kuɗi. Ya amsa, ya ce sakaci ne. An kuma tono rubuce-rubucen da ya yi a jaridar ɗalibai yana kare Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, da rawar da ya taka wajen shirya mutanen Minnesota zuwa babban gangamin baƙaƙen fata na 1995 a Washington. Sai da ya rubuta wa majalisar Yahudawan jihar wasiƙa yana cewa ya yi kuskure da bai binciki kalaman ƙin jinin Yahudawa na ƙungiyar Farrakhan ba. Maganar ta sake tasowa a 2017, lokacin da ya nemi shugabancin jam'iyya na ƙasa ya sha kaye a hannun Tom Perez da ƙuri'a 235 da 200. Abin da ya rubuta yana ɗalibi ya bi shi kusan shekara talatin. Na yaranmu yana Facebook da TikTok, ba sai an je ɗakin ajiyar jaridu ba.

Yanzu ga inda muka fi jin tsoro, wato kuɗi, domin al'adunmu na taimakon juna, waɗanda alheri ne a ko'ina, a nan suna iya kai mutum kurkuku. Da zarar ɗan takarar tarayya ya tara ko ya kashe sama da dala 5,000, yana da kwana 15 ya yi rajista da FEC, hukumar tarayya mai sa ido kan kuɗin zaɓe. Mutum ɗaya ba zai ba shi sama da dala 3,500 a zaɓe ɗaya ba a zangon 2025 zuwa 2026, ana kuma lissafa fidda gwani daban, babban zaɓe daban. Tsabar kuɗi ba ta wuce dala 100 daga mutum ɗaya. Duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, sunansa da adireshinsa da sana'arsa za su fito a rahoton da kowa ke iya karantawa. A zagaya da faranti bayan sallar Juma'a a tara dubu biyu, Alhaji ya rubuta cak da sunansa ya miƙa, wannan laifi ne, sunansa ba da gudummawa da sunan wani. A ba mutum kuɗi a ce ya bayar a madadinka, laifi ɗaya ne. Kawu ya turo daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi don ya taya ɗan ƙanwarsa, haramun ne a doka, domin baƙo ba ya sa kuɗi a zaɓen Amurka, sai mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin. Asusun masallaci ko na ƙungiya mai rajistar rangwamen haraji ma ba a ba ɗan takara ko sisi daga ciki.

Mai girin kad yana iya ba da kuɗi, amma ba ya zaɓe, kuma ba ya rajistar zaɓe. Wannan a maimaita shi a kowane taro. A wurin karɓar lasisin tuƙi sukan tambaya ko kana so a yi maka rajista, mutum bai ji Turancin sosai ba, ya ce to, ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa shi ɗan ƙasa ne. Shekaru bayan haka ya cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa, maganar ta fito, a hana shi, har ta iya kai ga korarsa daga ƙasar. Hanyar ita ce shekara biyar da girin kad, ko uku ga mai aure da ɗan ƙasa, sannan rantsuwa, sannan rajista.

Me ya yi a shekara goma sha biyun da ya yi a majalisa? Ana gabatar da ƙudurori sama da dubu goma a kowane zango na shekara biyu, 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Sabon ɗan majalisa yana tasiri ne ta kwamiti, kuma Ellison ya zauna a kwamitin harkokin kuɗi daidai lokacin da bankuna ke ƙwace gidaje a rikicin 2008. Yana cikin waɗanda suka kawo dokar 2009 da ta ba ɗan haya aƙalla kwana 90 kafin a tashe shi idan banki ya ƙwace gidan daga hannun mai shi. Kafin nan mutum na iya biyan haya ba fashi, ya wayi gari da takardar tashi a ƙofa. Dokar ta ƙare a 2014, aka dawo da ita ta dindindin a 2018. Yawancin mutanenmu 'yan haya ne, ya kamata su san da ita.

Wadda ta fi shafar mu ita ce ta aika kuɗi gida. Bankuna sun riƙa rufe asusun ƙananan kamfanonin da 'yan Somaliya ke tura kuɗi ta hannunsu, don tsoron tarar gwamnati a kan kuɗin ta'addanci. Ellison ya haɗa kai da Erik Paulsen, ɗan Republican daga jiharsu, suka kawo ƙudurin da ya ba baitulmalin tarayya damar dogara da binciken da jihohi ke yi wa waɗannan kamfanoni, don a rage maimaita bincike. Shugaba Obama ya sa hannu a Agustan 2014. Amma a Fabrairun 2015 bankin da ke ɗauke da mafi yawan wannan hada-hada ya rufe asusun duk da haka, domin dokar ta sauƙaƙa bincike ne, ba ta tilasta wa banki riƙe kowa ba. Wannan ma a koyar, don yara su san iyakar abin da kujera ɗaya ke iya yi.

Akwai ranakun da murya ce kawai makaminsa. A Afrilun 2009 an kama shi tare da John Lewis, sanannen ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, da wasu 'yan majalisa a ƙofar ofishin jakadancin Sudan, suna zanga-zanga a kan korar ƙungiyoyin agaji daga Darfur. Ranar 10 ga Maris 2011, a zaman da ɗan majalisa Peter King ya kira a kan tsattsauran ra'ayi tsakanin Musulmin Amurka, ya ba da labarin Mohammad Salman Hamdani, matashi ɗan shekara 23 mai aikin agajin gaggawa, wanda ya ruga wurin harin 11 ga Satumba don ceto ya rasu a can, aka kuma yi ta raɗe-raɗin ko yana cikin maharan kafin a gano gawarsa. Ellison ya kasa ƙarasa karatun takardarsa sai da kuka.

A 2018 ya bar kujerar da ba mai iya ƙwace masa ya nemi antoni janar na Minnesota, ya ci. Bayan kashe George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sandan Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, gwamna Tim Walz ya miƙa masa shari'ar. Ranar 3 ga Yuni ya ƙara wa ɗan sanda Derek Chauvin tuhumar kisa a mataki na biyu, ya kuma tuhumi sauran 'yan sanda ukun da ke wurin. Bai tsaya gaban kotu yana yi wa shaidu tambayoyi don a gan shi a talabijin ba. Ya haɗa ƙwararrun lauyoyi irin su Jerry Blackwell da Steve Schleicher, suka kira shaidu 38, har da shugaban 'yan sandan Minneapolis na lokacin, Medaria Arradondo, wanda ya shaida cewa abin da Chauvin ya yi ya saɓa wa ƙa'idar aikinsu, da likitan huhu Martin Tobin, wanda ya bi bidiyon daƙiƙa-daƙiƙa yana nuna yadda numfashi ya yanke a mintuna tara da daƙiƙa 29. An samu Chauvin da laifi ranar 20 ga Afrilun 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi. Ellison, wanda ya yi shekaru yana kare waɗanda ake tuhuma a kotu, ya san duk ƙofar da mai kare Chauvin zai nemi bi, ya toshe ta tun kafin a shiga kotu.

Abin da muke roƙo a wurinku ba shi da tsada. Kowace ƙungiya ta ware mutum biyu da za su riƙe jerin waɗanda lokacin cike N-400 ɗinsu ya yi, da waɗanda suka yi rantsuwa amma ba su yi rajistar zaɓe ba, su kuma sanar da ranar zaɓen fidda gwani wata biyu kafin ta zo, domin wasu jihohi, har da New York, sai wanda ya yi rajista da jam'iyya tun da wuri ke jefa ƙuri'a a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tara wa kowane ɗan takara ko dala ɗaya, a kira lauyan da ya san dokar zaɓe ya yi wa jama'a bayani da Hausa.

Ku kuma je ofishin ɗan majalisar mazaɓarku, ko kun zaɓe shi ko ba ku zaɓe shi ba. Kowannensu yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne bin takardun jama'a da suka maƙale a hukumar shige da fice ko a ofisoshin jakadanci na Abuja, Legas, Yamai da Accra. Ana cike takardar izini mai sa hannun wanda abin ya shafa, a haɗa da lambar fayil da kwafin rasit. Ba su da ikon umartar jami'i ya ba da biza, amma suna iya sa a buɗe fayil ɗin a ba da amsa a rubuce, kuma ba a biyan ko kwabo. Ofisoshin nan suna ɗaukar ɗalibai aikin koyo a kowane zangon karatu. Ku aika da yaranmu na jami'a, maza da mata, ku kuma tallafa musu da kuɗin mota daga asusun ƙungiya, wannan doka ba ta hana ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a.

Wassalam,
Daga 'ya'yanku da ƙannenku lauyoyi da masu bibiyar harkokin majalisar Amurka.